Shekarar da Na Hana Surukina Bakin Burtali

Na san abin da ake faɗa muku a garinmu, kada ku ɗauka ban sani ba. In kun je biki ko ta'aziyya, akwai tsofaffin da za su riƙe hannunku su daɗe ba su saki ba, su ce, “Au, ku ne 'ya'yan Idi, wanda ya kori mota daga garin nan?” Wasu da dariya suke faɗa, wasu kuwa har yau babu dariya a ciki. Dangin uwarku ma suna da tasu kalmar da ba sa furtawa a gabanku, wato butulu. Na daɗe ina ji ina yin shiru, domin wanda ake cewa na yi wa butulcin kakanku ne, Alhaji Gambo mai sikeli, kuma ban so ku tashi kuna raba zuciya tsakanin uba da kaka ba. Yanzu Alhaji ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, ni ma idona ya fara gajiya, ku kuma kun zama iyaye. To ku ji yadda aka yi daga bakina. Ba haƙuri na zo in ba kowa ba.

Ku da kuka tashi a birni sai na fara gaya muku yadda burtalinmu yake. Hanyar shanu ce, ta taso daga wajen Kibiya ta biyo tsakanin gonaki, an shinge ta dama da hagu da aguwa da bini-da-zugu, ta zo ta ratsa hanyar mota a gindin dutse, sannan ta gangara rafi inda garke ke shan ruwa. Ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. Tun kafin a haifi kakana take nan. Kuma ba shanu kaɗai ke binta ba, mata masu zuwa itace nan suke bi, masu jakuna nan suke bi, in an yi rasuwa ta nan ake wucewa da makara. Daidai inda ta haɗu da hanyar mota shi ake ce wa bakin burtali. Fako ne mai tauri, ko a tsakiyar damina ba ya caɓewa. Gabas da shi dutse, yamma da shi gonakin mutane, babu wata hanyar zuwa rafi sai shi.

Ina da wa, Yaya Sale, ba ku san shi ba, ya rasu tun kafin in yi aure. Ƙaƙƙarfan manomi ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Gonarmu ta gado tana gefen burtali, can sama da bakin. Maƙwabcinmu na tsallake, wanda ba zan ambaci sunansa ba don jikokinsa na nan, ya riƙa matso da shingensa cikin burtali kowace damina, bana ya ci kunyar noma ɗaya, baɗi ya ci biyu. Kowa yana gani, ba wanda ya tanka, saboda mutumin mai faɗa a ji ne. Wata kaka dawa ta nuna, garke ya zo ya matse a wurin, na baya suna tura na gaba, sai shinge ya faɗi. Ba shingen wanda ya ci hanyar ba, namu, don namu ne ya fi rauni. Yaya Sale ya fito da fartanya a hannu ya tarar da abincin shekara a ƙarƙashin kofato. Makiyayin magidanci ne mai 'ya'ya, yana ta ƙoƙarin koro shanunsa yana ba da haƙuri, amma Yaya bai ji ba, ya sare shi da fartanyar. Mutumin ya rayu, sai dai hannunsa na dama bai ƙara ɗaga sanda ba. Aka ɗaure Yaya da igiya a gabanmu aka tafi da shi Kano. Mahaifinmu ya rasu Yaya yana can. Da ya dawo ya dawo da tari, bai ga damina ta biyu ba. Maƙwabcin kuwa ko kiransa ba a yi ba, ya ci gaba da noma kunyoyinsa har ya tsufa.

A wannan halin Alhaji Gambo ya ɗauke ni. Shi ke sayen gyaɗa a yankinmu yana tura wa kamfani a Kano. Ya sa ni a ɗinkin buhu, daga nan ya koya mini awo, har ya zama in ba ya nan ni ke tsayawa a kan sikeli. Ku riƙe wannan da kyau, domin ban yarda wani ya ce na ɓata shi ba: sikelin kakanku bai taɓa cutar manomi ba. Hatsin da muka ci a shekarun ɗaurin Yaya daga rumbunsa ya fito. Da na isa aure, shi da kansa ya kira Inna, mahaifiyata, ya ce ya ba ni Rabi, uwarku. Sannan da aka shigo shekarun da Turawa ke haɗa kayansu, ana ta maganar mulkin kai, aka ce kowace unguwa ta tsayar da mutum ya zauna a majalisar gari tare da Dagaci, Alhaji ne ya bi gida gida ya ce a tsayar da ni. Ban kai masu furfura ba, amma na iya karatun boko kaɗan, kuma mutane sun san ni a bakin sikeli. Duk wannan gaskiya ne. Wanda ya ce muku komai nawa daga hannun Alhaji ya fito bai yi ƙarya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi kyau, gyaɗa ta yi yabanya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Matsalar Alhaji ita ce mota. Rumfar awonsa tana cikin gari, babbar mota ba ta iya shiga lungunanmu, sai a yi ta jigilar buhuna da jakuna zuwa bakin hanya. Kamfani ya ce masa in ya sami fili mai tauri a bakin hanya, za su riƙa aiko masa da mota har wurin, ta ɗauki kaya ta wuce Rano ta miƙe Kano. Fili mai tauri a bakin hanya kuwa guda ɗaya ne a garinmu. Sai Alhaji ya kai buƙata gaban majalisa: a ba shi bakin burtali ya kewaye da waya mai ƙaya, ya kafa rumfar kwano da sikeli, ya tara buhuna. Zai bar rata a jikin dutse, faɗin da saniya biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Shi kuma zai haƙa wa gari rijiya ta siminti a tsakiyar unguwa. Maganar rijiyar nan ta zaga gidaje kafin a yi la'asar. Matanmu a lokacin daga rafi suke ɗebo ruwa, ruwan da shanu suka riga suka dama.

Ban ce wa kowa komai ba, amma Inna ta gane. Ta ga na zauna a tsakar gida da hantsi, kwanon fura a gabana ban taɓa ba. Na zaci in akwai mai goya mini baya a duniya ita ce, tunda ɗanta ne aka ɗaure a gabanta. Sai ta ajiye tsintsiya ta ce:

“Idi, na ga abin da ke ranka. Ka haɗiye shi.”

“Inna, in aka matse wurin nan, abin da ya sami Yaya zai sami wani.”

“Ya sami wani mana. Ni nawa ya riga ya same ni. Burtalin nan ya ci mini ɗa ɗaya, ba zan ba shi na biyu ba. Ranar da aka tafi da Sale, su waye suka fito suka yi magana? Kowa ya shige ɗakinsa. Mutum ɗaya ne ya aiko mana da dawa. Yanzu su za ka tsaya wa, ka kunyata shi?”

Uwarku tana bakin murhu, tana goye da 'yarmu Amina, duk tana ji. Ba ta sa baki ba sai da Inna ta shiga ɗaki. Ta zo ta ɗauke kwanon furar, ta tsaya a kaina, ta ce:

“Malam, ni ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. Ubana ne, kai kuma mijina ne. Abu ɗaya nake roƙo. Kada Baba ya fara jin maganar nan a gaban mutane. In za ka ƙi shi, je ka ƙi shi a zaurensa.”

Kun san yadda suruki yake a wurinmu. Shekara da shekaru ina aiki a ƙarƙashinsa, amma tun da na auri 'yarsa ban ƙara cin abinci a gabansa ba, ban ƙara haɗa ido da shi ba. Washegari da safe na je, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure. Yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi 'yar jinjira. Sannan na ce, ina kallon ƙasa:

“Baba, maganar bakin burtali ce. Na zo in gaya maka da bakina, ba zan ɗaga hannu a kanta ba.”

Na ji motsin carbin ya tsaya.

“To ka zauna a gida ranar. Ka ce zazzaɓi ya kama ka. Ba zan riƙe ka da komai ba.”

“Zan je, Baba. Kuma zan yi magana.”

“Idi, don cikina kake ganin nake yi? Ina da abin da zan ci har in mutu. Garin nan nake so ya tashi. Inda mota ta tsaya, nan kasuwa ke tsayawa, nan mai tuwo za ta zo, nan tela zai zo. Kana so jikokinmu su mutu suna bin jaki?”

“Na yarda da duk abin da ka faɗa, Baba. Amma wurin ba na majalisa ba ne balle ta bayar. Kuma na ga abin da matsi ke yi.”

“Sale ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Zuciyarsa ce ta kai shi, ba burtali ba.” Sannan ya ce, “Tashi ka je. Ka yi abin da ka ga dama, ni ma zan yi abin da na ga dama.”

Ranar zama, zauren Dagaci ya cika har waje. Muna kan tabarmi, Liman na gefen Dagaci, ga Sarkin Noma, ga Sarkin Fawa, ga wakilan unguwanni, malamin majalisa na rubutu a kan gwiwarsa. Aka ba Alhaji dama ya yi bayani, ya kuwa yi shi da kyau, don mutum ne mai iya magana. Ya kawo zancen tsofaffin da ke ɗaukar buhu a ka, ya kawo zancen ruwan rafi da ciwon da yake sa wa yara. Kawuna suna ta gyaɗawa. Fulani ba su da kujera a majalisar, amma Ardo Buba, shugaban makiyayan da ke zaune bayan dutse, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, Dagaci ya ce a bar shi ya faɗi nasa. Bai tsawaita ba. Ya ce:

“Ranka ya daɗe, mu ba mu ƙi rijiya ba, ba mu ƙi mota ba. Amma nagge, saniya ke nan, in ta ji ƙanshin ruwa ba ta jira 'yar'uwarta ta wuce. In ta ga waya a gabanta, inda ta ga laushi nan za ta bi. Mu dai mun faɗa, kada gobe a ce da gangan muka yi.”

Wani ya yi tsaki, wani ya ce ai Fulani kullum da kuka suke. Dagaci ya tambaya ko akwai mai magana kafin a ɗaga hannu. Na miƙe. Na ce wurin nan ba gonar Dagaci ba ce, ba gonar majalisa ba ce, hanya ce, kuma mun gaje ta ne kamar yadda muka gaji maƙabarta. Na ce duk wanda ke zauren nan ya san yadda aka yi da gonar mahaifina, kuma da yawansu suna tsaye ranar da aka ɗaure wana. Na ce a wancan karon a ɓoye ake cin hanya, kowa ya ce bai gani ba, yau kuwa so ake mu ci ta da hannunmu a sama, a rubuta a takarda. Sai wani daga cikin wakilai, ɗan'uwan Alhaji ne na nesa, ya ɗaga murya:

“Kai Idi, wa ya ɗora ka a kan tabarmar nan?”

“Alhaji ne ya ɗora ni,” na ce, “kuma ban manta ba. Amma da ya ɗora ni bai ce mini in zo in zama sikeli mai cuta ba. Shi ya koya mini in faɗi nauyin abu yadda yake, ko na wane ne.”

Zaure ya ɗauki hayaniya. Sarkin Fawa ya tambaye ni, in ba bakin burtali ba, ina nake so motar ta tsaya? Na ce bayan kasuwa. Alhaji, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce wa Dagaci bayan kasuwa laka ce, mota mai kaya za ta nutse har ciki. Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce. Ba ni da wani wuri da ya kai wancan. Abin da na roƙa kawai shi ne kada a yanke magana a cikin zaure. Na ce a sa yaran Alhaji su kafa turaku su ja igiya daidai inda wayar za ta bi, mu je da la'asar mu tsaya mu ga wucewar shanu da idonmu. Liman ya ce wannan ba laifi, gani ya fi. Dagaci ya amince.

Da la'asar muka hallara a bakin burtali da manyan rigunanmu. An kafa turaku, an ja igiya, an bar ratar a jikin dutse kamar yadda Alhaji ya faɗa. A lokacin an yanke gero, amma dawa na tsaye, wake kuma ya yi 'ya'ya. Gonar da ke yamma da wurin ta Sarkin Noma ce. Muka ji kukan shanu tun daga nesa, sannan suka ɓullo, farare masu dogayen ƙaho, sun cika burtalin daga shinge zuwa shinge. Makiyayan ba su yi wani abu daban ba, yadda suka saba kullum haka suka koro su. Na gaba suka shiga ratar lafiya lau. Na baya da suka ji ruwa suka danno. Kafin ka ce me, igiya ta tsinke, turaku sun kwanta, mu kuma muka watse. Liman, tsoho mai jiki, ya tattare riga ya haye dutse da rarrafe, takalminsa ɗaya ya tafi da garke. Wasu shanun da suka rasa wuri suka karkata yamma, suka tura shingen aguwa, suka bi ta cikin waken Sarkin Noma suka fita ta ƙasa. Ba su daɗe ba, amma inda suka bi kamar an yi shara. Sarkin Noma ya tsaya riƙe da hularsa yana kallo. Alhaji ya matso kusa da Dagaci ya ce:

“Ranka ya daɗe, igiya ce. Waya ba za ta tsinke ba.”

A nan ne, karo na farko tun aurena, na ɗaga kai na dubi surukina a ido.

“Shi ya sa, Baba. Igiya ta faɗi, yawancinsu sun wuce. Waya ba za ta faɗi ba. Shingen talaka ne zai faɗi, kullum, safe da yamma, har ranar da wani zai fito da fartanya.”

Washegari aka ɗaga hannu. Ba kowa ne ya sauya ba, kusan rabin zauren suna tare da Alhaji har ƙarshe, kuma ban ga laifinsu ba, rijiya suke gani. Amma Sarkin Noma ya bi bayana, Liman ya bi, wakilan unguwannin da gonakinsu ke bakin burtali suka bi. Muka rinjaya da ƙyar. Dagaci ya aika wa Hakimi abin da majalisa ta yanke, aka dawo da amsa cewa a bar hanya yadda take.

Alhaji bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da yamma ya aiko a karɓi mabuɗin rumfar awo. Kafin a fara ɓarar gyaɗa ya sami fili a bakin hanya can wajen Rurum, ya kwashe sikeli da buhuna da ma'aikatansa ya koma. Motar kamfani ta riƙa wucewa ta gabanmu ba ta tsayawa. Rijiya ba a haƙa ba. Duk mai gyaɗar sayarwa a garinmu sai ya ɗora wa jaki, marar jaki ya ɗauka a ka, a yi tafiyar da ke cin rabin yini. Kuma kowane ɗayansu, a kowane taku, ya san sunan wanda ya jawo masa. A masallaci in na shiga sahu sai in ga na kusa da ni ya ɗan matsa. Mata in sun dawo daga rafi da tulu, suka zo ƙofar gidanmu, sai su ɗaga murya su ce a gaida mai burtali. Waɗanda suka bi bayana a majalisa ma, da suka ji zafin tafiya, suka koma cewa yaron nan ne ya ruɗe su. Da aka sake zaɓe, unguwarmu ta tsayar da wani. Na koma gonar mahaifina da fartanya, ni da na saba da riga mai tsabta a bakin sikeli.

Inna ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba, har ta rasu. In magana ta taso sai ta ce, “Ai ka ji daɗi yanzu,” ta juya baya. Uwarku ce ta fi kowa biya. Da Sallah ta yi kitso, ta goya Amina, ta tafi gaida iyayenta. Ba ta wuce zaure ba. Aka fito aka ce mata Alhaji ya ce ta koma inda ta fi so. Ta dawo da rana tsaka, ƙafafunta duk ƙura, ta sauke yarinya, ta hura wuta ta ɗora tukunya. Na tsaya a bakin madafa na rasa ta inda zan fara. Na ce in tana so ta je ta zauna a wurinsu har zuciyarsa ta sauka, ba zan hana ta ba. Ta ce, ba ta ko waiwayo ba:

“Na ce ka je ka faɗa masa a zaurensa, ka je. Abin da na roƙa ka yi mini. Saura kuma nawa ne da ubana, kada ka sa baki. Miƙo mini itacen nan.”

Ta yi shekara biyu ba ta taka gidansu ba, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. In kuna neman wanda ya yi jarumta a labarin nan, ga ta can a ɗaki tana jan carbi, ku je ku gaishe ta.

Masu cewa na hana garinmu girma, ban ce ƙarya suke yi ba. Inda Alhaji ya koma, kasuwa ta bi shi, mai tuwo ta zo, tela ya zo, kamar yadda ya faɗa. Garinmu ya zauna ƙauye. Rijiyar siminti sai da kuka fara tasawa sannan muka same ta, kuma a tsakanin nan akwai yaran da ruwan rafi ya kwantar, na sani, ina kuma tunawa da su. Ba zan ce muku saboda ni ne ba a sake zubar da jini a burtalin ba, wannan tsarewar Allah ce. Abin da na sani shi ne an nemi in ba da abin da ba nawa ba, ga mutumin da na fi ƙauna da jin kunya a duniya, na ce a'a. Da za a sake tara zauren nan gobe, a sake zaunar da ni, ina sane da duk abin da zai biyo baya, wallahi hannuna ba zai tashi ba.

A kakar nan ta farko ni ma na sami gyaɗa 'yar kaɗan a gonar gado. Babu mai saye a kusa sai Alhaji. Wasu suka ce in ba wani ya kai mini, kada in je a wulaƙanta ni a gaban jama'a. Na ce gyaɗata ce, ni zan kai. Na ari jaki na ɗora buhuna na kama hanya tun da sassafe, na isa rana ta take. Na shiga layi a bayan mutanen garinmu, ba mai yi mini magana. Da layi ya zo kaina, sabon mai awon ya duba ni ya duba Alhaji, ya rasa yadda zai yi. Alhaji ya taso daga kujerarsa, ya ture shi gefe, ya ɗora buhuna da hannunsa. Ya daidaita sikeli a hankali, ya faɗi nauyin da ƙarfi yadda kowa zai ji, bai rage ko ƙwaya ba, bai kuma ƙara ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi ƙafafuna da suka yi futu-futu, ya dubi jakin, ya ce:

“Tafiya da nisa, ko?”

“Da nisa, Baba.”

“To ka ji abin da mutane ke ji.”

“Na ji, Baba. Baɗi ma in Allah ya kai mu zan sake zuwa.”

Ya daɗe yana kallona. Na ga gemunsa ya motsa kamar zai ƙara wata magana, sai ya juya ya ce wa mai awo:

“A ba jakin nan ruwa kafin ya koma. Na gaba!”